Kamun kai kaɗai, ko a faɗa wa yara komai? Amsa ga wani uba

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya kamar haka: "Malama, ina cikin kwamitin iyaye da malamai na wata sakandaren je-ka-ka-dawo, kuma 'ya'yana mata biyu suna can. An kawo mana maganar darasin zamantakewar iyali da za a riƙa yi wa 'yan ƙaramar sakandare, sai taro ya rabu biyu. Wasu sun ce a tsaya a kan kamun kai kawai, a ce musu zina haramun ce, shi ke nan. Wasu sun ce a yi musu bayanin komai tunda zamani ya canza. An kusa ba hammata iska. Tsakani da Allah wanne ya fi?"

Malam, Allah ya raya mana zuri'a. Na daɗe ina koyar da kiwon lafiyar al'umma, na kuma horar da malaman makaranta a kan wannan darasi da ya raba muku taro, don haka na san irin zafin da ake ɗauka a kansa. Abu na farko da zan ce maka shi ne, yadda aka raba muku maganar gida biyu, ba a nan aka raba ta ba. Rigimar Amurka ce, an yi ta shekara arba'in ana yi, kuma da yake sun zuba kuɗi masu yawa a kowane ɓangare, sun kuma bi yaran sun ga abin da ya biyo baya. Ya kamata ka ji abin da suka gani kafin ka ɗaga hannu a taro na gaba.

Gwamnatin tarayyar Amurka ta fara ba da kuɗi don koyar da kamun kai a 1981, zamanin Shugaba Reagan. A 1996, cikin dokar gyaran tallafin marasa galihu da Shugaba Clinton ya sa wa hannu, aka ware dala miliyan 50 duk shekara ga jihohi, da sharuɗɗa takwas. Babban sharaɗin shi ne darasin ya zama ba shi da wata manufa sai ƙaurace wa saduwa har aure. Ba a koya wa yaro hanyoyin kariya, in an ambace su ma sai don a nuna gazawarsu. Majalisar dokokinsu ce da kanta ta ce a auna abin, aka ba wata cibiyar bincike mai suna Mathematica aikin. Sun ɗauki shirye-shirye huɗu, da yara wajen 2,000, aka yi ƙuri'a wasu suka shiga darasin wasu ba su shiga ba, aka bi su shekaru. Da rahoto ya fito a 2007, kusan rabin waɗanda suka yi darasin sun kame, kusan rabin waɗanda ba su yi ba su ma sun kame. Waɗanda suka fara kuwa, shekarun da suka fara ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Kuɗi sun tafi, ba abin da ya canza.

Akwai kuma yayin da suka yi na sa matasa ɗaukar alkawarin riƙe budurci har aure, wasu har da zobe. Masu bincike biyu, Bearman da Brückner, sun gano cewa alkawarin yana jinkirta farawa da kamar wata goma sha takwas ga wasu yaran, amma a cikin masu alkawarin da suka riga suka fara saduwa, 88 cikin 100 sun karya shi ne kafin aure, kuma ranar da suka karya, sun fi sauran shiga ba tare da wata kariya ba. Da aka gwada su, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ba su bambanta da na sauran ba. A 2004 wani ɗan majalisa, Henry Waxman, ya sa aka duba manhajoji 13 da aka fi amfani da su, aka samu 11 suna ɗauke da bayanan ƙarya ko masu ɓatarwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin yaro in ya kama malami da ƙarya sau ɗaya, to gaskiyar da ya faɗa a gefen ƙaryar ma ta tafi.

Har Afirka aka kawo wannan tsari. Shirin PEPFAR na yaƙi da ƙanjamau da Shugaba Bush ya kafa a 2003, wanda Najeriya na cikin ƙasashen da suka amfana da shi ƙwarai ta fannin magani, an ɗaure masa sharaɗin kashe kashi ɗaya bisa uku na kuɗin rigakafi a kan saƙon ƙaurace wa saduwa har aure. Masu bincike daga jami'ar Stanford sun lissafa a 2016 cewa an kashe dala biliyan 1.4 a kan saƙon kamun kai da riƙon amanar aure cikin kusan shekara goma, kuma ba su ga bambancin ɗabi'a tsakanin ƙasashen da suka samu kuɗin da waɗanda ba su samu ba.

Kada ka ce na zo kare ɓangare ɗaya. Akwai darasin kamun kai da ya yi aiki, kuma yadda aka yi shi ne abin lura. A 2010 John Jemmott na jami'ar Pennsylvania ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi da yara 662 baƙar fata, 'yan wajen shekara goma sha biyu. An yi musu darasi na awa takwas kacal a kan jinkirta saduwa. Bayan shekara biyu, kashi ɗaya bisa uku ne suka fara, alhali a cikin waɗanda ba a yi wa ba kusan rabi ne. To amma wannan darasi bai yi wa yaran ƙarya ba, bai tsorata su ba, in sun yi tambaya a kan kariya ana ba su amsa ta gaskiya, kuma an zaunar da su suna gwada yadda za su ce a'a in an matsa musu. Wato ba kiran a kame ne ya gaza ba. Ɓoye bayani da tsoratarwa da ƙarya su ne suka gaza.

Sai mu koma ɗaya ɓangaren. Babban tsoron iyaye, kuma tsoro ne mai dalili, shi ne in ka yi wa yaro bayani ka buɗe masa ido, ka tayar da abin da yake barci. An auna wannan shi ma. Hukumar UNESCO, mai kula da ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tattara bincike 87 daga ƙasashe daban-daban a 2009. A cikin waɗanda suka duba lokacin da yara ke farawa, sama da kashi ɗaya bisa uku sun nuna darasin ya jinkirta shi, sauran sun nuna bai canza komai ba, ba a samu ko ɗaya da ya nuna ya gaggauta ba. Wannan sakamako ya yi ta maimaita kansa. A Amurka ma haihuwar 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 ta sauko daga kusan 62 cikin 1,000 a 1991 zuwa wajen 13 a 2023.

Amma masu tallata cikakken darasin su ma suna zuzuta hajarsu fiye da kima, kuma ba kasafai suke faɗin wannan a tarurrukan otal ba. Yawancin binciken da suke kafa hujja da shi tambayar yara aka yi, yaro kuwa ya san amsar da malami yake so. Da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantance shi, ta ce a 2016 ba ta son abin da yara suka faɗa, tana son abin da gwajin jini da na ciki suka nuna, sai ta samu manyan gwaje-gwaje takwas, da matasa sama da 55,000, yawanci a Afirka. Darasin aji shi kaɗai bai rage ƙanjamau ba, bai rage ciki ba. Yaran sun ƙaru da sani, sun iya amsa tambaya, amma jininsu bai nuna bambanci ba. Abin da ya nuna alamar rage ciki shi ne tallafin da ke riƙe yarinya a makaranta.

Misalin da na fi so in ba malamai daga yammacin Kenya yake. Masu bincike uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, sun yi aiki da makarantun firamare 328. A wasu an horar da malamai su koyar da manhajar gwamnati ta ƙanjamau, wadda ta ginu a kan kamun kai har aure. A wasu kuma ba a yi wa'azin komai ba, kayan makaranta kawai aka ɗinka wa yara kyauta. Manhajar ita kaɗai ba ta rage ciki ba. Kayan makarantar sun rage barin karatu, sun rage auren wuri, sun rage ciki. Sannan Dupas ta gwada wani abu ƙarami: zama ɗaya na ƙasa da awa guda, aka nuna wa 'yan mata alƙaluman da ke cewa manyan maza sun fi samari sa'anninsu ɗauke da ƙanjamau nesa ba kusa ba. Ciki ya ragu da 28 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka ji wannan bayani. Gaskiya guda ɗaya, wadda ta shafi rayuwarsu kai tsaye, ta yi abin da zangon karatu guda na wa'azi bai yi ba. Duk wanda ya san mai shagon unguwa da ke ƙara wa 'yar talla canji, ko mai mota da ke tsayawa a bakin makaranta lokacin tashi, ya san wannan bayanin namu ne mu ma.

Yanzu mu dawo gida. Abin da aka kawo muku ba sabo ba ne. Majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da shigar da shi tun 1999. Manhajar farko da NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ta fitar ta sha suka daga malaman addini, Musulmi da Kirista, aka janye ta aka rage, aka cire batutuwa irin su hanyoyin hana ɗaukar ciki, aka sake mata suna a 2003 ta koma ilimin zamantakewar iyali da ƙanjamau, aka kuma bar wa kowace jiha damar daidaita ta da al'adarta. Ba darasi ne mai zaman kansa ba, an cusa shi ne cikin kimiyya da nazarin zamantakewa. Wato wadda take hannunmu ma ta fi kusa da kamun kai. Duk da haka a Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhajar matakin farko, ya ce aikin iyaye ne da malaman addini. A Nijar an janye irin wannan darasi a 2014 bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun yi ca, a Gana kuma an yi irin wannan dambarwa a 2019 har shugaban ƙasa ya fito ya ce ba za a yi ba. Don haka taronku ba shi kaɗai ya rabu ba.

Sai dai akwai bambanci babba tsakaninmu da Amurka da masu kwafo mana rigimar ba sa lura da shi. Su matsalarsu 'yar sakandare da saurayinta. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki, a Arewa maso Yamma 29 ne, a Kudu maso Yamma 6, kuma mafi yawan namu a ɗakin aure suke. A cikin waɗanda ba su yi boko ba 44 ne cikin 100, a cikin waɗanda suka wuce sakandare 1. Yarinyar da za a kai ɗaki bayan ta gama aji uku, "ki kame har aure" ya ƙare mata aiki cikin wata shida. Abin da ke gabanta awon ciki ne, da doguwar naƙuda da ke kawo yoyon fitsari, da sanin cewa kumburin ƙafa da ciwon kai mai tsanani alamar jijjiga ce, da gwajin jini kafin ɗaurin aure, na ƙanjamau da na sikila. Darasin da ya tsaya a kan kamun kai kaɗai ba shi da abin ce mata.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wata shekara na je duba ɗalibaina da ke gwajin koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Ana cikin darasi sai wata yarinya 'yar aji ɗaya ta ƙi tashi da aka kira ta allo. An yi an yi, ta dafe benci da hannu biyu, hijabinta ta tattare shi a ƙarƙashinta. Da aka fitar da sauran na zauna kusa da ita, sai da ƙyar ta ce mini ta ji ciwo, jini yake zuba tun jiya, kuma wallahi ba wanda ya taɓa ta. Wannan rantsuwar ce ta tsaya mini a rai. Abu ɗaya da aka taɓa faɗa mata game da jikinta shi ne in namiji ya taɓa ki kin lalace, don haka da ta ga jini sai ta ɗauka za a ce ta yi wani abu. Tsumman goge allo ta saka. Ta kwana ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba. Da na tambayi malamin kimiyyarsu, saurayi ne ɗan bautar ƙasa, ya ce babin yana cikin littafi amma ya tsallake shi, ya ce su karanta a gida. Ban ga laifinsa sosai ba. An ba shi aji na 'yan mata saba'in, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda zai buɗe baki.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ne mutanen da bai kamata wannan magana ta ba mu tsoro ba. Yaron da ya yi Ahalari da Ishmawi a makarantar zaure ya ji abin da ke wajabta wanka. Wanda ya kai Risala ya ji bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya ji kwanakin haila da na biƙi, ya ji alamomin balaga, a bakin malami mai rawani, ba wanda ya ce an lalata shi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mafarkin mace, ya ba ta amsa. An umarce mu mu raba wa yara shimfiɗa a shekara goma. Ayar da ta hana zina cewa ta yi kada a kusance ta, kuma ba ka nisantar ramin da ba a nuna maka inda yake ba. A da ma akwai goggo da kaka da ke jan yarinya gefe. Yanzu goggo tana wani gari, uwa tana jin nauyin 'yar fari, uba ba a magana, sai aka bar wa ƙawa da wayar yayanta aikin. Masu cewa a bar wa iyaye, ina so a taro ka tambaye su, cikin ladabi, wa ya taɓa zaunar da ɗansa ya yi masa wannan bayani. Ka ƙirga hannuwan.

Ba kuma ina cewa a haɗiye duk abin da aka ɗauro daga waje ba. Jagorar da UNESCO ta sabunta a 2018 tana ɗauke da batutuwan jinsi da na sha'awa da iyayen nan ba za su karɓa ba, ni ma ba zan tsaya gaban aji in koyar da su ba, kuma dagewa a kansu shi ke sa a yi watsi da darasin gaba ɗaya, har da babin haila da bai yi wa kowa laifi ba. Ƙungiyoyin da ke shigo da littafi ta bayan gida, ba su nuna wa iyaye ba, ba su nuna wa limamin unguwa ba, su suke jawo wa abin baƙin jini. Ranar da wani uba ya tsinci shafi ɗaya a jakar 'yarsa ya ɗauki hotonsa ya saka a WhatsApp, aikin shekara biyar ya rushe a yini guda.

To ga inda na tsaya, tunda ka ce tsakani da Allah. Manufa ta zama kamun kai, a faɗe ta ƙarara ba kame-kame, da hujjarta ta addini da ta lafiya. A kan wannan ba ku da saɓani a taronku, ko da kun ɗauka kuna da shi. Amma kada a gina ta a kan jahilci. 'Yan aji ɗaya da biyu su san jikinsu da canjin balaga, da tsarki, da yadda ake amfani da audugar mata ko ƙunzugu mai tsabta, su san ciki ta ina yake samuwa don kada wata ta yi ta kuka saboda an riƙe mata hannu, wata kuma a yaudare ta da cewa sau ɗaya ba ya zama ciki. Su san taɓawar da ba ta dace ba ko daga wa ta fito, malami ne ko kawu ko mai gadi, su kuma san takamaiman mutumin da za su gaya wa ba tare da an dake su ba. Wannan ya shafi yara maza daidai da mata, domin su ma ana lalata su, kuma sun fi yin shiru. A gwada musu yadda ake ƙin kyauta, yadda ake fita daga shago in an ce shigo ciki ki karɓi canji, a aikace, ba a rubuce a allo ba.

Maganar kwaroron roba da tazarar haihuwa, wadda na san ita ce ainihin inda aka kusa dambe, ba darasin 'yan aji ɗaya ba ce. A babbar sakandare, ina ganin a yi bayaninta a babin aure da lafiyar uwa, a bakin ma'aikaciyar lafiya, a faɗi abin da ke karewa da iyakar kariyarsa, ba rabawa ba, ba nuni ba. In kwamitinku ya ga ba zai iya ɗaukar wannan ba, to ku tsaya a kan ƙa'ida ɗaya da ba za a sauka daga kanta ba: in yaro ya yi tambaya, ba za a yi masa ƙarya ba, za a amsa masa ko a tura shi wurin wadda za ta amsa.

Wanda zai koyar ya fi littafin muhimmanci. Mace ta koyar da mata, namiji ya koyar da maza, a aji daban, kuma a zaɓi masu shekaru da mutunci waɗanda aka horar, ba wanda jadawali ya faɗa kansa ba. Na ga makarantar da ta haɗa malamar Islamiyya da ungozomar asibitin unguwa suka riƙa shiga tare, ɗaya ta ɗauki hukunci ɗaya ta ɗauki jiki, aka ajiye kwali a bayan aji ana jefa tambaya ba suna. Makon farko takarda uku aka samu. Mako na huɗu sai da aka canza kwalin.

Kafin taro na gaba, ka nemi shugaban makarantar ya kawo littafin da kansa, a ajiye shi a tebur, a karanta shafi-shafi, iyaye mata su ma a kira su ko da a zama daban, domin na lura a irin wannan taro ana yin faɗa ne a kan littafin da ba wanda ya buɗe. Kuma tunda kana cikin kwamiti, ka tambaya 'yan mata nawa ne suka shiga aji ɗaya shekara uku da suka wuce, nawa ne suka rage a aji uku yanzu, sannan ka zagaya bayan azuzuwa ka duba ko banɗakin 'yan matan yana da ƙofa da ruwa.